Kwana Biyar da Mai Tabarau Ya Ƙara Wa Iska Gudu

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau da zance na zo. Roƙona ɗaya, kada wadda ta yi min dariya sai na kai ƙarshe. Wadda ta san ba za ta iya riƙewa ba, ta ajiye kofin shayinta tukuna.

Ga waɗanda yau muka fara haɗuwa, a gida Auta ake kirana. Shekarata ashirin da tara, ina aiki a wani kamfanin gyaran famfunan ruwa da janareta, kuma ni kaɗai ce mace a cikin masu riƙe sufana. Bara na shiga digiri na biyu ta intanet, fannin samar da lantarki daga iska, wato dogayen injinan nan masu fuka-fukai uku da ke juyawa su ba da wuta. Karatun ba aji ba ƙararrawa. Lakca tana ajiye, lokacin da kika samu ki buɗe. Ni a cikin bas nake sauraron tawa, da lokacin hutun rana ina gutsurar burodi a bayan shagon walda. Sau ɗaya a mako, Alhamis ƙarfe biyar na yamma, muke haɗuwa kai tsaye da malamarmu, wata dattijuwar Farfesa mai furfura wadda kyanwarta ke yawan gittawa ta gaban kyamara.

Ranar da Gwaggo, yayar Abba, ta ji labarin karatun nan, sai da ta sauke jakarta daga kafaɗa.

“Karatun me kika ce?”

“Iska, Gwaggo.”

“Iska! Kowa na neman tsari da ita, ke kin tafi yin digiri a kanta? To in kin gama me za a riƙa kiranki? Bari, kada ki faɗa, na sani.”

Umma ta yi dariya har da share hawaye, amma da ta gama sai ta koma bayan Gwaggo. Maganarsu ɗaya ce kullum: duk sa'o'ina sun yi aure, ni ina nan ina soyayya da kwamfuta.

To, watanni uku da suka wuce Gwaggo ta je canza tabarau, ta dawo da sabon gilashi da kuma mijin da ta zaɓa min, wato mai shagon tabaran.

“Natsattsen mutum,” in ji ta. “Ya duba idona ya ce ba wata cuta, shekaru ne. Namijin da zai faɗa wa mace shekarunta cikin ladabi har ta yi masa godiya, ai wannan ba a barinsa ya wuce. Na ce ya zo ranar Alhamis da biyar.”

“Gwaggo, lokacin darasina ne!”

“Iskar ta jira.”

Ranar Umma da kanta ta zaɓa min kaya: doguwar riga ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, da mayafi ruwan hoda wanda na tsana tun ranar da aka saye shi. Ta feshe ni da turare kamar za ta kori sauro. Falonmu kuwa an cire yadin da ke lulluɓe kujeru, an goge agogon bangon nan namu mai gudu da minti bakwai, har fankar sama mai kukan tsiya an ɗiga mata mai. Ni kuma, Allah ya yafe min, na cusa abin sauraro a kunnen dama, na rufe da mayafi, na tura wayar ƙarƙashin filon kujera. Na ce a raina, zan jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ya shigo da sallama, dogo siriri, farar riga mai dogon hannu, biro biyu a aljihu, shi ma da nasa tabarau. Ya ajiye kwalin biskit a kan tebur. Muka gaisa. Yana magana ina gyaɗa kai, Farfesa na magana ina gyaɗa kai, komai na tafiya daidai. Can sai Farfesa ta jefo tambaya a kunnena, wai wane irin wuri ya dace a kafa injin iska. Daidai lokacin shi kuma ya gyara zama ya ce:

“To, ke wane irin mutum kike ganin za ki iya zama da shi?”

Bakina ya riga hankalina. Na ce, “Wanda ba dogayen gine-gine a kusa da shi, kuma tsayinsa ya haura mita talatin.”

Jama'a, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ya cire tabaransa ya goge da gefen riga, ya mayar. “Ni dai mita ɗaya da tamanin ne,” in ji shi. “Amma zan yi ƙoƙari.”

Na rufe fuska da mayafin da na tsana. Ya ce kada in damu, tun zamansa ya gane. Aikinsa kallon ido ne, kuma ya ga idona na kansa amma hankalina na kunnen dama. Ya ce in ƙarasa darasina. Haka ya zauna minti ashirin yana cin biskit ɗin da ya kawo min, ni ina rubutu a bayan ambulan. Umma ta leƙo sau biyu, ta ga ba mai magana, ta koma tana salati.

Da aka tashi darasi ya tambaye ni me ake karantawa. Ban san lokacin da na zube masa damuwata ba. Aikin kammalawata shi ne in auna gudun iska a saman wani dogon gini na kwana casa'in, in lissafa ko ƙaramin inji zai iya ba ginin wuta. Gidanmu kuwa a ƙasa yake, bishiyoyi da benaye sun kewaye shi, ko labule da ƙyar yake motsi.

“Shagona a ƙasan bene mai hawa shida yake,” in ji shi. “Makullin saman yana hannuna, don a can nake kiwon tantabaru. Kullum bakwai na safe ina can.”

Ranar Asabar Abba ya raka ni muka kafa ma'aunin. Abba tsohon direban jirgin ƙasa ne, maganarsa a wuni ba ta cika cokali ba. Shi ya riƙe tsani, Mai Tabarau ya riƙa miƙo min kusoshi yana kiran sufana da “wannan mai bakin.” Ma'aunin ni na haɗa shi da hannuna a wurin aiki: kofunan roba uku a kan sanda, iska ta buga su juya, sai ƙaramin allo a ƙasa da ke nuna matsakaicin gudun wuni guda. Matsalarsa ɗaya, ba ya ajiye lissafi. Dole kowace safiya wani ya karanta lambar ya danna maɓalli. Wurin aikina kuma yana can ɗaya ƙarshen gari.

“Ni zan riƙa turo miki,” in ji shi.

Washegari bakwai da minti biyu wayata ta yi ƙara.

“Kwana na 1. Iska: 3.8. Tantabaru: 24. Mai aikowa: yana gaisuwa.”

Bayan kwanaki:

“Kwana na 12. Iska: 4.6. Wata tantabara ta hau kofinki ta sha lilo. Na ba ta takardar gargaɗi.”

“Kwana na 30. Iska: 5.2. Ta ɗauke min hula. Ki sa a rahotonki cewa tana da halin ɓera.”

Zan faɗa muku gaskiya, tunda dama don faɗin gaskiya nake rubutun nan. Ni da sai Umma ta buga ƙofa sau uku nake tashi, na koma ina zaune a bakin gado tun bakwai saura kwata, waya a hannu. In lambar ta yi sama, sai in cika masa waya da surutu, hotunan rawa, bayanin abin da lambar ke nufi, har da labarin abin da ya faru a wurin aiki. In ta yi ƙasa kuwa, “To. Na gode,” shi ke nan. Ban taɓa lura da haka nake yi ba. Ku riƙe wannan.

Wata rana Umma ta ɗauki wayata a kan firji ta yi ta ja da yatsa.

“Auta, wata biyu mutum na turo miki lissafi? Zance ne wannan ko jarrabawa?”

Gwaggo kuma duk bayan kwana biyu sai ta bugo. “Ya yi magana?”

“Ya yi, Gwaggo.”

“Alhamdulillahi! Me ya ce?”

“Ya ce huɗu da ɗigo shida.”

Ta kashe wayar a kunnena.

Wajen kwana na sittin iska ta ɗauke ɗif. 1.9. 2.1. 1.7. Mako guda cur kofunan na juyi kamar marar lafiya. Raina ya ɓaci, don a ganina in aka ci gaba a haka aikina ya zama na banza. Ga wani katon famfo da ya ƙi gyaruwa a wurin aiki, oga na ta masifa. Duk saƙon da ya turo, “To” kawai yake samu. Ranar ƙarshe ma ko “To” ɗin ban tura ba.

Sai kwatsam abu ya canza. 5.5. Washegari 6.0. Sai 5.5, sai 6.5, sai 6.0. Na yi tsalle a tsakar ɗaki har Umma ta zaci ɓera na gani. Ranar farkon nan ce na fara kiransa da kaina, muka yi hira tun daga tashar bas har ƙofar kamfani, na wuce wurin saukata da tasha ɗaya ban sani ba.

A kwana na tamanin na tura wa Farfesa abin da na tara. Ranar Litinin da rana, ina zaune a kan wata tsohuwar taya ina cin burodi, saƙonta ya shigo. Na karanta sau uku, na ajiye burodin.

Ta ce ta gwada lambobina da na tashar hasashen yanayi mafi kusa. Komai ya yi daidai, ban da kwana biyar. A kwanakin nan biyar tashar ta nuna ko ganye bai motsa ba, ni kuma na rubuta iska mai ƙarfi. Sannan duk lambobin biyar da sifili ko biyar suka ƙare, alhali na sauran kwanakin ba haka suke ba. “Ko dai ma'auninki ya samu matsala, ko kuma wani ya rubuta abin da bai gani ba. Ina so in ji daga bakinki ranar Alhamis bayan darasi, kafin in kai maganar gaban kwamitin ladabtarwa.”

Kun san abin da ake yi wa ɗalibin da aka kama da ƙirƙirar alƙaluma? Kora ce, ba roƙo ba bari. Shekara ɗaya da rabi na karatun cikin bas, da bikin ƙawaye da na ƙi zuwa, da gorin Gwaggo da na shanye, duk su bi ruwa.

Ko kayan aiki ban cire ba. Da shuɗiyar rigar leburanci, da baƙin mai har gwiwar hannu, da takalmin ƙarfe, haka na faɗa shagonsa. Shago ne tsaf, madubai ta ko'ina, tabarau jere a bango kamar idanun jama'a, sai allon haruffan nan da ke farawa da manya su ƙare da ƙanana. Na tarar yana gwada wa wani dattijo gilashi. “Wannan ya fi, ko wannan?” Dattijon ya kalle ni ta cikin gilashin ya ce, “Da wannan ina ganin wata baiwar Allah da ta zo faɗa.” Mai Tabarau ya juyo. Yana ganin fuskata murmushinsa ya gudu.

Dattijon na fita na miƙa masa wayar. Ya karanta a tsaye, sannan ya nemi kujerar masu gwajin ido ya zauna.

“Ma'aunin ne ya lalace?” na tambaya. Wallahi a raina addu'a nake ya ce e.

“Lafiyarsa ƙalau.”

“To me ya faru?”

“Ni ne.” Ya sunkuyar da kai. “Ni na ƙara.”

“Ka ƙara? Gishiri ne?”

“Mako guda kina ce min ‘To.’ Ranar ta bakwai ko shi ban samu ba. Na lura in lambar ta hau kina min hira, in ta sauka ki rufe ƙofa. Na ce bari in ƙara kaɗan na kwana ɗaya, ki yi dariya. Da kika kira ni a waya... sai na kasa dainawa. Kwana biyar na yi, kunya ta kama ni, na koma faɗin gaskiya. Kullum ina cewa gobe zan gaya miki.”

Na fizge wayata daga hannunsa.

“Kai da kake auna idon mutane! In ka auna tsohuwa ka ga lambar ba za ta yi mata daɗi ba, sai ka ƙara mata don ta yi dariya? Ta fita ta faɗa kwata?”

“Ban taɓa ba.”

“Saboda aikinka ne, ka san darajarsa. Nawa kuma wasan kofuna ne, ko? Abin da 'yar Gwaggo ke rage lokaci da shi kafin a aurar da ita?”

Wannan ta shige shi, na gani a fuskarsa. Bai kare kansa ba. Ya tashi ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani baƙin littafi, wanda yake rubuta lambobin idon mutane. Ya buɗe shafukan baya. Kwana ɗaya zuwa tamanin da shida, kowanne da kwanan wata da lambarsa, da rubutunsa ƙanana kamar tururuwa. A kwanakin nan biyar: 1.8, 2.2, 1.6, 2.0, 1.9.

“A wannan littafin hannuna ba ya iya ƙarya,” in ji shi. “A waya ne kawai na iya. Kuma kullum ina ɗaukar hoton allon kafin in danna maɓalli, duk suna nan da ranakunsu.”

Na ɗauki hoton shafukan, na sa ya turo min na wayarsa, na fice. Sai a bas na tuna na bar masa shatin yatsu biyar na baƙin mai a kan farin teburinsa. Na ce Allah ya ƙara.

Talata da safe saƙo ya shigo. “2.3.” Sai hoton allo. Laraba, “3.1,” sai hoto. Ba gaisuwa, ba tantabaru. Ban amsa ba. Amma kada in ɓoye muku, sai da na buɗe hoton na ƙara girmansa ko zan hango ko da jelar tantabara ɗaya a gefe.

Laraba da yamma na tarar da Abba a baranda ya kwance rediyonsa yana busa mata iska. Na zauna kusa da shi na ba shi labari duka, don shi ne kaɗai a gidan ba ya katse mutum. Ya gama ɗaure kusoshi huɗu kafin ya buɗe baki.

“Wanda ya yi miki ƙarya don ya cuce ki daban, wanda ya yi don ki yi dariya daban. Amma duk sunanta ƙarya, kada ki bari ya canza mata suna.” Ya kunna rediyon ya kashe. “Abin dubawa shi ne me mutum ke yi in an kama shi. Wani rantsuwa yake fara yi. Wani ya miƙo littafi.”

Rabona da jin Abba ya yi magana mai tsawon haka tun ranar da ya yi ritaya.

Alhamis ta zo. Na sa baƙar doguwar riga da farin mayafi, kamar mai zuwa kotu. Na jera kwamfuta a teburin falo, don nan ne sabis ya fi ƙarfi. Sai ga Gwaggo, wai ta ji shiru kwana uku, ta zo ta ji wa ya mutu. Ta zauna a kujerar gefe ta ce ba inda za ta. Ana gama darasi, sauran ɗalibai suka sauka, wayata ta yi ƙara.

“In malamarki na son shaida, ina ƙofar gida. In ba ki so, zan koma.”

Na daɗe ina kallon saƙon. Sannan na rubuta, “Shigo.”

Ya shigo da baƙin littafinsa a hammata, ya gaida Gwaggo, ya tsaya a bayan kujerata kamar ɗalibin da aka kira ofishin shugaban makaranta. Na faɗa wa Farfesa komai, ban rage ba ban ƙara ba. Na ce laifina ne da na ɗora awo a kan saƙon waya ban nemi hoto ba tun farko. Sai shi ya sunkuyo gaban kyamara.

“Ranki ya daɗe, ni ne na canza lambobin. Ba ta sani ba sai ranar Litinin.”

“Saboda me?” in ji Farfesa.

Ya kalli Gwaggo, ya kalle ni. “In iska ta yi ƙarfi ta fi yi min magana.”

Gwaggo ta ce, “Oho!” da ƙarfin da na tabbata an ji a can.

Farfesa ba ta yi dariya ba. Ta sa na tura mata hotunan, ta yi ta dubawa ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa da na tashar yanayi. Minti goma ta ɗauka. Kyanwarta ta gitta sau biyu. Can ta ɗago.

“Lambobin littafin sun dace da na tashar. Maganar ba za ta je kwamiti ba.” Ta zare tabaranta. “Shekara talatin ina koyar da abubuwan da ke ɓata awo. Tsatsa, ruwan sama, tsuntsaye. Yau na ƙaru da na huɗu. Za ki rubuta shi a rahotonki, a fili, da yadda kika gano da yadda kika gyara. Kuma ki daina fushi da ƙananan lambobi. In gini bai dace da inji ba, injiniyar da ta faɗi haka ta yi aikinta.”

Na ce to. Mai Tabarau ya saki numfashi, har da ƙarfin halin cewa, “Ranki ya daɗe, ƙafar tabaranki ta hagu ta ɗan karkace, a sa a gyara miki.” Na taka masa ƙafa.

Na zaci an gama. Sai Farfesa ta ce, “Saura magana ɗaya. Akwai gurbi guda na koyon aiki a wata gonar injinan iska a bakin teku, wata huɗu, a fara watan gobe. Hawa hasumiya ne da gyaran inji na gaske, ba a allo ba. Ina neman mai hannun gyara wadda kuma ba ta ɓoye kuskure. Zan turo miki takardar. Ki ba ni amsa ranar Litinin.”

Allon ya yi baƙi. Fanka ta ci gaba da kukanta, don man da aka ɗiga mata ya daɗe da ƙarewa.

“Wata huɗu?” in ji Gwaggo. “Nan da kwana uku, ranar Lahadi, yayansa zai zo ganin Abbanki, ke kina zancen teku?”

Na juya na kalle shi. “Wane yaya? Wace Lahadi?”

“Na so in tambaye ki tukuna,” in ji shi, yana sosa ƙeya. “Na ce wa Gwaggo sai an gama kwana casa'in. Ita ta ƙirga da kanta ta sa rana.”

Gwaggo ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ɗauki jakarta ta fita. Ba faɗa, ba gori, ko sallama babu. Duk wanda ya san Gwaggo ya san faɗanta rahama ne, shirunta ne abin tsoro.

Na raka shi bakin ƙofa. Muka tsaya, shi yana juya littafi a hannu, ni ina wasa da bakin mayafi.

“Har yanzu ina fushi,” na ce.

“Na sani. Kin fi ni gaskiya.”

“Kuma ina son zuwa.”

“Na gani a idonki tun kafin ta rufe baki.” Ya gyara tabaransa. “In na ce miki ban damu ba, na sake ƙara lamba. Na damu ƙwarai. Wata huɗu ba kwana huɗu ba ne. Amma ki je. Abin da nake son sani ɗaya ne: in ce wa Yaya ya zo, ko ya dakata?”

'Yan uwa, ni da ke tsayawa gaban janareta mai girman ɗaki ban ji komai ba, sai ga ni na kasa kallon idonsa. Na kalli takalmina na ce, “Ya zo. Amma ya zo da sanin cewa sai na dawo.”

Ya yi murmushi har kunne. Ya juya zai tafi ya yi karo da ƙofar, mai gyaran idon mutane guda.

Juma'a ta wuce ba labarin Gwaggo. Umma na ta zirga-zirga tana cewa na kashe ta, Abba kuwa ko e ko a'a bai ce ba. Na buɗe takardar da Farfesa ta turo na karanta sharuɗɗan. Na huɗu ya ce: masauki ɗaki ɗaya ne, gado ɗaya, ba a zuwa da kowa.

Yau Asabar da hantsi ina shanya sai na ji hon ɗin tasi. Na leƙa. Gwaggo ce, direba na sauke mata akwati biyu manya, da bargo a naɗe, da fulas ɗin shayi, da sabuwar rigar ruwa ruwan ɗorawa ko ledarta ba a cire ba.

“Gwaggo, lafiya? Tafiya za ki yi?”

“Za mu yi dai.” Ta miƙo min bargon. “Kwana biyu ina tunani. Tsohuwar nan mai kyanwa ta ce duk cikin ɗalibanta ke ta zaɓa. 'Yar ƙanina! To ba za a ce ni na tare miki hanya ba. Amma budurwa ba ta zuwa bakin teku ita kaɗai ina raye. Na gama magana da Abbanki, ya ce in dai da ni, ya amince. Ki rubuta mata ki ce mu biyu ne.”

Na karɓi bargon.

Yanzu haka da nake muku rubutun nan a kan gado, gobe Yaya zai zo, jibi Farfesa na jiran amsa, izinin Abba kuma a ɗaure yake da akwatin Gwaggo. Ita kuwa ga ta can gaban madubina, ta kifa hular kwanon aikina a kan ɗankwali tana juya kai hagu da dama, tana tambayata wai hasumiyar matakala nawa ce, don gwiwarta ta dama ba ta son wasa.

Sharaɗi na huɗu yana nan buɗe a kan kwamfutata. Don Allah ku faɗa min, cikin tsofaffin nan biyu, Gwaggo da Farfesa, wa zan fara tunkara?